Bayan faɗuwar Al-Bashir: Abin da Hausawan Jazira da Nilul Azrak suka gani a hannun soja

A ranar Talata 19 ga watan Yulin 2022, dubban Hausawa suka cika titunan Khartum, babban birnin ƙasar Sudan, suka nufi fadar shugaban ƙasa domin su kai kukan kisan da aka yi wa 'yan uwansu a jihar Nilul Azrak, wato yankin Shuɗin Kogin Nilu da ke kan iyaka da Habasha. Ba su isa fadar ba, domin 'yan sanda sun tarbe su da barkonon tsohuwa. Kwana ɗaya kafin nan an yi irin wannan fitowa a Kasala, inda abin ya ƙazanta har aka ƙone ofisoshin gwamnati da shaguna, hukuma kuma ta hana taro. An fito a Gadarif da Fot Sudan da Al-Ubayyid da Wad Madani.

Abin da ya sa wannan rana ta cancanci a waiwaye ta shi ne lokacin da ta faɗo. Shekara uku ke nan da 'yan watanni bayan talakawan Sudan sun tumɓuke Umar Hassan Al-Bashir da kirarin 'yanci da zaman lafiya da adalci, kuma wata tara ke nan da sojoji suka sake ƙwace mulkin baki ɗaya. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi a kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari da Ɗan Isa da Birnin Ƙonni suna da dangi a can, wani kakansa ne ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba, wani kuma yayan babansa. Saboda haka ba labarin baƙi ba ne. Tambayar da ta dace a yi ita ce, wannan 'yanci da aka zubar da jini a kansa a Khartum, nawa ne daga cikinsa ya isa ƙauyukan Hausawa, kuma me ya rage bayan da soja ya dawo?

Yadda aka yi suka je can

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen ƙasar Hausa da Barno suna keta Sudan a kan hanyarsu ta zuwa Makka, suna yada zango su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, tafiyar da kan ɗauki shekaru. Amma babbar ƙaura ta zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da ta rage, Fulani da Hausawa, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu kaɗan da birnin Sinnar. Garin da suka kafa har yau da sunansa ake kiransa, Mai Wurno. Daga nan ƙauyuka suka yi ta tsirowa a gefen kogin har zuwa Rusairis da Damazin, na manoma da masunta da 'yan tireda. Larabawan Sudan sukan haɗa su duka su ce musu Fallata ko Takari. Wanda ya taɓa cin tsiren da Sudan ke alfahari da shi, wanda suke kira agashe, ba ya bukatar a gaya masa daga bakin wa sunan ya fito.

A shekarar 1925 Turawa suka gama madatsar ruwa ta Sinnar, suka buɗe babbar gonar audugar nan ta Jazira tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wadda daga baya ta haura eka miliyan 2. An raba filayen, waɗanda ake kira hawasha, akasari ga mutanen yankin. To amma auduga tana son hannu, musamman lokacin tsinka, don haka aka bukaci mutanen yamma, daga Darfur da Cadi da Barno da ƙasar Hausa. Waɗannan ba su samu hawasha ba sai ƙalilan. Suka zauna a gefen magudanan ruwa a cikin matsugunan da ake ce wa kambo, jam'insa kanabi, suna ƙodago ko suna noma gonar wani a raba amfani. Yau ana maganar shekara ɗari, jikokin jikokinsu na nan, kuma mafi yawan kanabin nan ba su da takardar fili, da yawa babu famfo babu asibiti, domin a wurin hukuma wurin saukar leburori ne na ɗan lokaci.

Sai kuma maganar takarda. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun kafin 1898. Duk wanda ya lissafa zai ga mutanen Burmi sun makara da shekara biyar. An sassauta dokar daga baya, har a 1994 aka mayar da ma'aunin zuwa 1956, shekarar samun mulkin kai. Sai dai sauya doka daban, sauya halin ma'aikacin da ke zaune a ofishin ba da katin ɗan ƙasa daban. Bahaushe ko Bafulatani ya saba a ce ya kawo ƙarin shaidu da takardar mai unguwa da ta sarki, abin da ba a tambayar maƙwabcinsa. A 2008 wata jarida a Khartum ta ruwaito Al-Bashir yana fitar da Hausawa da Fallata daga cikin 'yan ƙasa. Shugaban ya musanta, amma kafin nan an yi zanga-zanga a gabashin ƙasar har an rasa rayuka.

An kashe maciji ba a sare kansa ba

Sau uku talakawan Sudan suna kayar da shugaban soja da hannu banza. A Oktoban 1964 sun kayar da Janar Ibrahim Abbud, ba a cika shekara biyar ba Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki a 1969. A Afrilun 1985 sun kayar da Numairi, aka yi zaɓe a 1986 Sadik Al-Mahdi ya hau, a 1989 Al-Bashir ya kifar da shi. Na ukun shi ne wanda aka fara a Disambar 2018, lokacin da kuɗin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku. Ana yawan ambaton garin Atbara, amma 'yan makaranta a Damazin, babban birnin Nilul Azrak, sun riga su fitowa da 'yan kwanaki.

A ranar 6 ga Afrilun 2019 jama'a suka fara zaman dirshan a ƙofar hedkwatar soja da ke Khartum, a ranar 11 ga wata manyan hafsoshi suka sauke Al-Bashir. Janar Awad Ibn Auf ya yi kwana ɗaya kacal a kan kujera jama'a suka ce ba su yarda ba, ya miƙa wa Janar Abdul Fatah Al-Burhan, mataimakinsa kuma Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hameti, shugaban dakarun kar-ta-kwana na RSF da suka samo asali daga Janjawid. A wajen zaman dirshan ɗin nan matasa sun riƙa rera taken la'antar wariyar ƙabila, suna cewa ƙasar duka Darfur ce. Ga ɗan Bahaushen da ya tashi ana tambayarsa asalinsa a ƙasar da aka haifi kakansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ranar 3 ga Yuni, ana jajibirin ƙaramar Sallah, jami'an tsaro suka far wa wurin da asuba. Ƙungiyar likitoci ta ce an kashe mutum fiye da 100, an tsamo gawarwakin wasu daga kogin Nilu. Aka yanke intanet fiye da wata guda. Duk da haka jama'a suka sake fitowa ranar 30 ga Yuni, wanda hakan ya tilasta wa sojojin zama a teburi. A ranar 17 ga Agusta aka sa hannu a kan takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya na wata 39. Aka kafa majalisar ƙoli mai mutum 11, soja zai shugabance ta wata 21, farar hula wata 18, Dokta Abdallah Hamdok kuma ya zama Firayim Minista.

Kada a ce ba a samu komai ba, an samu. A Nuwambar 2019 aka soke dokar nan ta kula da ɗa'ar jama'a, wadda 'yan sanda suka daɗe suna fakewa da ita suna kame mata masu sayar da shayi da abinci a bakin titi suna ƙwace musu kaya. An rage wa hukumar leƙen asiri ikon kama mutum. Jaridu suka daina tsoron jami'in da ke zuwa maɗaba'a da dare ya kwashe bugun gobe. A unguwanni da ƙauyuka kwamitocin matasa suka karɓi sa ido a kan rabon fulawa da gas, mutanen kanabi ma suka samu bakin magana, ƙungiyarsu ta riƙa neman a mayar da matsugunansu ƙauyuka masu rajista.

Amma a duba abin da ba a yi ba. Majalisar dokokin da takardar ta ce a kafa, ba a kafa ta ba har gwamnatin ta faɗi. Kotun tsarin mulki ta zauna babu alƙalai tun farkon 2020. Kwamitin da aka ɗora wa binciken kisan 3 ga Yuni, ƙarƙashin lauya Nabil Adib, bai fitar da sakamako ba. Kamfanonin soja da ke harkar riɗi da nama da zinare da fulawa suka ci gaba da cin kasuwarsu, har Hamdok da kansa ya fito a 2020 yana kukan cewa mafi yawan irin waɗannan kamfanoni ba sa ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan, wato kana gasa da wanda shingen hanya nasa ne. Ga kuma tsadar rayuwa. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, a watan Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Mai tireda ya sayar da safe, da yamma kuɗin ba ya mayar masa da kayan.

Ranar 25 ga Oktoban 2021, ana dab da lokacin da ya kamata soja ya miƙa shugabancin majalisar ƙoli, Al-Burhan ya rusa gwamnati, ya tsare Hamdok da ministoci, ya sa dokar ta-ɓaci, aka sake yanke intanet fiye da mako uku. An mayar da Hamdok a Nuwamba, ya ga ba shi da ta cewa, ya yi murabus ranar 2 ga Janairun 2022. A ƙarshen Disamba wata dokar ta-ɓaci ta mayar wa hukumar leƙen asiri ikon kame da bincike da ƙwace dukiya, ta kuma ba jami'an tsaro kariya daga tuhuma. Zuwa farkon 2023 likitoci sun ƙirga masu zanga-zanga fiye da 120 da aka kashe. Amurka ta dakatar da tallafin dala miliyan 700, Bankin Duniya ma ya rufe aljihu. Mutanen Jibiya da Ɗan Isa da suka ga yadda rufe iyaka ya yi da su bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ba sa bukatar bayani a kan wanda irin wannan takunkumi ke fara kayarwa.

Sarauta da ƙasa

A nan ne labarin ya koma ƙauye, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya nutsu, domin wanda ya ji an ce Hausawa sun nemi sarauta a ƙasar wasu zai iya cewa neman fitina ne. A karkarar Sudan, fili ba na mutum ɗaya ba ne a al'adance, na ƙabila ne, sarkin ƙabilar kuma shi ke rabawa, shi ke shari'ar iyakar gona, shi ke ba da shaidar da ake kaiwa ofishin katin ɗan ƙasa. Turawa suka tsara abin suka kira shi mulkin gargajiya. Numairi ya soke shi a farkon shekarun 1970, ya kuma yi dokar da ta ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne, abin da ya ba manyan 'yan kasuwa da hafsoshi damar mallakar manyan gonakin tarakta a Nilul Azrak. Al-Bashir ya dawo da sarautun a shekarun 1990, amma ya mayar da su abin saka wa wanda ya bi da hukunta wanda ya ƙi. Ma'ana, wanda ba shi da sarki nasa baƙo ne, ko da kabarin kakansa na bayan gari.

Ga kuma ƙarancin filin kansa. A 2013 aka gama ƙara tsawon madatsar Rusairis, ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, aka kwashe dubban mutane, Hausawa da Hamaj da Barta da sauransu, aka zuba su a sababbin matsugunan da ba su da suna sai lamba, a yankin Wad Al-Mahi da kewaye. Mutanen da a da kowa ke da nasa gefen kogi suka koma suna haɗa iyakar gona da rijiya. Sannan jihar ta sha yaƙi tun 2011, lokacin da Al-Bashir ya tsige zaɓaɓɓen gwamna Malik Agar. A wancan zamani ana zargin Hausawa da bin gwamnati. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta Oktoban 2020, Agar ya shiga majalisar ƙoli, mutuminsa Ahmad Al-Umda ya zama gwamna a 2021, kuma da juyin mulki ya zo suka ci gaba da zama tare da soja. Sai zargin ya juya, abokan hamayyar Agar suka ce yana jan Hausawa a jiki ne don ya ƙara yawan magoya baya. Ko ta wane gefe aka juya, Bahaushe ne a tsakiya.

A wannan yanayi ne wasu shugabannin Hausawa suka nemi a ba su masarauta tasu. Sarakunan Funj da Hamaj da Barta suka ce ba za ta saɓu ba, domin a fahimtarsu masarauta tana tafiya da ƙasa. A ganina, da a ce akwai majalisar da za ta zauna a kan dokar fili, da kotun da talaka zai kai ƙara ya yi tsammanin hukunci, da wannan magana ta tsaya a takarda da mahawara. Amma duk ƙofofin nan a rufe suke. Gwamnati babu firayim minista, jam'iyyu suna kan titi, kwamitocin matasa da suka haɗa 'ya'yan ƙabilu daban-daban ana farautarsu. Wanda ya rage yana da murya shi ne mai rawani da mai bindiga, kuma gwamnatin sojan ita kanta da sarakunan ƙabilu take neman goyon baya. Kowa ya koma gindin ƙabilarsa.

A tsakiyar Yulin 2022, bayan kisan wani manomi, faɗa ya ɓarke a Gaisan da Ganis da Rusairis da Wad Al-Mahi. Aka ƙone gidaje da shaguna. Hukumar lafiya ta jihar ta ce mutum 105 suka mutu, kusan 300 suka jikkata. Dubban Hausawa, yawancinsu mata da yara, suka tsere zuwa makarantun Damazin da jihohin Sinnar da Jazira da Farin Nilu. A shafukan Facebook an yi ta zuba kalaman cewa baƙi su koma inda suka fito. Mu da ke aikin rediyo mun san yadda magana ɗaya ke tashin gari, kuma a can babu wanda ya tsawata da wuri. Abin da gwamna ya yi shi ne ya sa dokar hana fitar dare, ya hana taro na wata guda, aka turo soja da RSF bayan an riga an yi ɓarnar. Wannan shi ne abin da ya fito da mutane titunan Khartum a ranar da muka ambata a farko.

Dokar hana taro ba ta hana komai ba sai taron. A Satumba aka sake, a ranakun 19 da 20 ga Oktoba kuma aka yi mafi muni a Wad Al-Mahi, inda aka kashe mutum fiye da 200 cikin kwana biyu. Gaskiya ɗaya ce, a wannan karo an kashe daga kowane ɓangare, kuma ba za a ce hannun namu bai taɓa jini ba. Matan Hamaj da Barta ma sun binne 'ya'yansu. Gwamna ya sa dokar ta-ɓaci ta kwana 30, ya ba jami'an tsaro cikakken iko, masu zanga-zanga a Damazin kuma suka cinna wa sakatariyar gwamnati wuta suna neman a tsige shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga Yuli zuwa lokacin an kashe aƙalla mutum 359, kimanin 97,000 sun bar gidajensu. A Janairun 2023 aka tara shugabannin ƙabilu a Damazin suka sa hannu a kan takardar zaman lafiya. Wata uku bayan nan ƙasar duka ta kama da wuta.

Tsakanin janar biyu

Ranar 15 ga Afrilun 2023 Al-Burhan da Hameti, waɗanda suka yi juyin mulki tare, suka juya wa juna bindiga a kan yadda za a shigar da RSF cikin rundunar soja. Da farko Jazira ce mafaka, Wad Madani ta cika da 'yan gudun hijirar Khartum, kasuwarta ta zama babbar kasuwar ƙasar. A Disambar 2023 soja ya janye daga birnin, RSF ta shiga. Shekara guda ƙauyukan Jazira suka yi ana kwashe musu motoci da taraktoci da hatsi da zinaren mata. A Wad An-Nura an kashe mutum fiye da 100 a rana ɗaya cikin Yunin 2024. A ƙarshen wannan wata RSF ta kama Sinja, babban birnin jihar Sinnar, wanda hakan ya sa Mai Wurno, da ke tsakanin Sinja da Sinnar, ta wayi gari a bakin daga, hanyar Damazin kuma ta yanke. A Satumba aka yi luguden wuta a kasuwar Sinnar, mutum fiye da 20 suka mutu. Sai a Nuwamba soja ya ƙwato Sinja.

A wuraren da RSF ta riƙe, maganar 'yanci ba ta ma taso ba. A wuraren da soja ke riƙe da su kuwa, sai aka koma ga dokar ta-ɓaci da hana fitar dare. A farkon 2024 hukumomi suka rusa kwamitocin unguwanni da juyin-juya-hali ya haifar. Matasan da suka koma dafa abincin sadaka da kai marasa lafiya asibiti sun sha kamu a hannun ɓangarorin biyu, kowanne yana zarginsu da yi wa ɗayan aiki. Sannan aka shiga abin da mutanen Sudan suka laƙaba wa suna dokar baƙin fuskoki, wato a shingen bincike a dubi fuskar mutum da lafazinsa da garin da aka rubuta a katinsa, in bai kwanta wa jami'i ba a sauke shi daga mota. Wannan ya fi faɗawa kan mutanen Darfur da Kurdufan, amma duk wanda aka saba tambayar asalinsa ya san ba shi da tabbas. Fatake suna cikin waɗanda suka fi shan wahala, domin sana'arsu ita ce keta wurare. Wanda ya kai kaya kasuwar da ke hannun RSF don ya ci abinci, in ya dawo sai a ce ɗan leƙen asiri ne.

A Disambar 2024 gwamnati ta sauya takardun fam 500 da 1,000, ta ce sai mutum ya zuba tsohon kuɗinsa a asusun banki. Buɗe asusu yana bukatar shaidar ɗan ƙasa. Wanda ya tuna wahalar canjin Naira ta farkon 2023 sai ya ƙara da cewa a nan ana yaƙi, bankunan garuruwa da yawa an wawashe su, ga kuma mutumin kambo da tun asali takardar ke yi masa wuyar samu.

Ranar 11 ga Janairun 2025 soja ya ƙwato Wad Madani, aka yi ta murna, kuma murnar tana da dalili. Amma a cikin kwanakin nan ne aka far wa wasu kanabi bisa zargin sun taimaki RSF. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce a ƙauyen Tayba kaɗai an kashe aƙalla mutum 26 ranar 10 ga wata, ta kuma ɗora alhakin a kan dakarun Abu Akla Kaikal. Abin mamaki, shi wannan Kaikal shi ne kwamandan RSF a Jazira har zuwa Oktoban 2024, lokacin da ya koma ɓangaren soja aka yi masa afuwa. Wato wanda ya jagoranci mamayar an yafe masa, leburan da ya zauna a bukkarsa don ba shi da wurin gudu shi ake tuhuma. Mutanen Tayba akasarinsu 'yan asalin yammacin Sudan ne, amma kanabi gida ne na Hausawa da Barebari da Fulani ma, kuma tsoron bai tambayi ƙabila ba. Rundunar soja ta ce laifin ɗaiɗaikun mutane ne, Al-Burhan ya kafa kwamitin bincike.

A watan Fabrairun 2025 majalisar ƙoli da ministocin da soja ya naɗa suka zauna suka yi wa takardar tsarin mulkin nan ta 2019 kwaskwarima. Suka cire sunan RSF, suka kuma cire sunan gamayyar farar hular da ta sa hannu a kanta a madadin masu zanga-zanga, suka ƙara wa soja kujeru. A Maris soja ya ƙwato Khartum, a Mayu Al-Burhan ya naɗa Dokta Kamil Idris Firayim Minista, shi ya zaɓo shi, shi kuma ke da ikon sauke shi. Sabon wa'adin riƙon ƙwaryar da aka ɗiba a wannan gyara wata 39 ne, daidai da wanda aka ɗiba a Agustan 2019.